Wa Ke Sauraron Gwarancin 'Ya'yanmu?

Wata ƙaramar Sallah, ranar hawan Daushe, na saɓa 'yata a wuya muna tsaye cikin cincirindon jama'a a Ƙofar Kudu. Shekararta uku da 'yan watanni a lokacin. Ana ta kaɗe-kaɗe da bushe-bushe, ƙura ta turnuƙe, sai ga ayarin wani hakimi ya karyo kwana. Yarinyar nan ta damƙe min kunnuwa ta ƙwala ihu: "Baba, ga dokoki! Dokoki da yawa!" Na kusa da mu suka bushe da dariya. Wani dattijo ya waiwayo ya ce mata, "A'a jikata, dokoki ai suna wurin alƙali. Waɗannan dawaki ne." Ta dube shi, ta dubi dawakin, ta sake cewa dokoki, wannan karon a hankali, kamar mai son ya fahimce ta.

Ni ma na yi dariya. Amma har muka koma gida maganar tana yi min yawo a ka. Babu wanda ya taɓa kiran dawaki da wannan suna a gabanta, ba ni ba, ba mahaifiyarta ba, ba kakarta ba. Ba tsintar kalmar ta yi a bakin wani ba, ƙera ta ta yi da kanta. Ta sha jin mota da motoci, taga da tagogi, ƙofa da ƙofofi, waya da wayoyi. Daga nan ta ciro wata ƙa'ida da ba wanda ya zaunar da ita ya karanta mata: a cire wasalin ƙarshe, a sa "o", a maimaita baƙin ƙarshe, a rufe da "i". Sai ta ɗora ƙa'idar a kan doki. Lissafinta daidai yake. Hausa ce ta bi wata hanya dabam a wannan gurbin, ita kuwa labari bai iso mata ba tukuna.

Irin wannan tuntuɓen harshe shi ne tagar da ake leƙa aikin da ƙwaƙwalwar yaro ke yi, kuma mu Hausawa mun bar tagar a rufe. Muna yanke manyan hukunce-hukunce a kan bakin yaranmu, a gida da makaranta da asibiti, alhali ba mu zauna mun saurara, mun rubuta yadda ɗan Bahaushe ke koyon Hausa mataki-mataki ba. Mun sa wa maganar yara suna gwaranci, kalmar da asalinta ma raina harshen wata al'umma ne, muka tattara ta muka ajiye a gefe a matsayin abin nishaɗi. A ganina wannan sakaci ne da ya shafi kowane mai ɗa, ba malaman jami'a kaɗai ba.

A duba nauyin da ke kan ɗan shekara uku a jam'i kawai. Gida, gidaje. Kare, karnuka. Riga, riguna. Dutse, duwatsu. Kaza, kaji. Takalmi, takalma. Littafi, littattafai. Akuya, awaki. Sa, shanu. Baturen da ya zo koyon Hausa da girmansa, jam'i ne ke fara sa shi gumi, domin sai ya haddace kusan kowace kalma da jam'inta. Yaron gidanmu kuwa yana ratsa dajin nan babu allo babu bulala, yana wasan ƙasa yana tafe da shi. Kuma hanyar da 'yata ta zaɓa ita ce hanyar da manya ke bi idan baƙuwar kalma ta shigo gari. Da kwamfuta ta zo, babu taron da aka kira, kowa ya ce kwamfutoci. Haka fanka ta zama fankoki. Ku lura har da yadda "t" ke komawa "c" a gaban "i", kamar yadda ta koma a motoci. Wato yarinyar ta gano ƙofar da ta fi kowace faɗi a tsarin jam'in Hausa, ta kora doki ta cikinta.

A 1958 wata matashiyar mai bincike a Amurka, Jean Berko, ta gwada wannan abu a fili. Ta zana wata halitta mai kama da tsuntsu, ta ƙaga mata sunan da babu shi a Ingilishi, wug. Sai ta nuna wa yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai, ta ce ga wug ɗaya, yanzu ga wani ya zo sun zama biyu, me za a kira su? Yaran suka ce wugs, da ƙarshen jam'in Ingilishi yadda ya kamata. Ba su taɓa jin kalmar ba, saboda haka ba za a ce kwaikwayo suka yi ba. Ƙa'ida ce a kansu. An kuma lura cewa ɗan Bature kan fara faɗin went, wato "ya tafi", daidai, daga baya ya koma cewa goed, kalmar da babu ita a Ingilishi, sannan ya dawo went. Mai kallo daga nesa zai ce yaro ya koma baya. A haƙiƙa da farko hadda ce kawai, a tsakiya ya gano ƙa'ida ya shimfiɗa ta a ko'ina, a ƙarshe ya san inda take tsayawa.

Bayan wannan, Roger Brown na Jami'ar Harvard da ɗalibansa suka bi yara uku, waɗanda suka ɓoye sunayensu da Adam da Eve da Sarah, suna zuwa gidajensu da rikoda suna naɗar hirarsu da iyayensu, suna rubuta kowace kalma. Sakamakon da ya fito a 1973 ya nuna cewa ƙananan ɗafe-ɗafe da kalmomin nahawun Ingilishi guda 14 suna shigowa bakin yaran kusan da jeri ɗaya, ko da wani ya fi wani sauri. Wani abin da suka gano ya fi burge ni, domin na gan shi a tsakar gidana. Iyaye ba su cika gyara wa yaro nahawu ba, gaskiyar magana suke gyarawa. Wata rana 'yata ta ce, "Umma, Baba ta tafi kasuwa." Uwar ta ce, "A'a, masallaci ya tafi." Kasuwar ta gyara, ba ta ko lura da "ta" ɗin ba. Amma a cikin amsarta akwai "ya", kuma kunnen yarinyar yana buɗe.

Ga wani wurin da ya fi jam'i zurfi. Muna cewa "yara sun zo", amma "yaran da suka zo", da "su wa suka zo?", da "jiya suka zo". Muna cewa "yana cin tuwo", amma "me yake ci?" Tare mutum goma a kasuwar Kurmi ka tambaye su dalilin da ya sa "sun" ke komawa "suka", da wuya ka sami mai bayani, amma ba za ka sami mai kuskure ba. Na saurari yara 'yan shekara biyar suna faɗa a kan ƙwallo, wannan ya ce "ni na fara ɗauka", wancan ya ce "su suka jefa", kowa ya sa abin a muhallinsa. Haka nan bambancin fita da fito, shiga da shigo, saya da sayo da sayar da saye. Masanin Hausa F. W. Parsons sai a 1960 ya tsara aikatau na Hausa a rukuni bakwai da ake kira giredi, ɗalibai na ta fama da su a jarrabawa har yau. Amma ɗan da bai iya ɗaura wando ba yana riƙe maka riga da safe ya ce "Baba, sayo min alawa." Ya san "o" ɗin nan ita ke dawo da alawar gida.

Yadda yaro ke yin wannan shi ne abin da masana suka shekara fiye da sittin suna ja-in-ja a kai. B. F. Skinner a 1957 ya ce kwaikwayo ne da lada, yaro ya faɗa daidai a yaba masa. Noam Chomsky ya mai da masa martani a 1959, ya ce abin da yaro ke ji bai kai ya haifar da abin da yake faɗa ba, dole da wani tanadi na nahawu ake haihuwarsa. Daga baya irin su Michael Tomasello suka ce ba sai an kai nan ba: yaro gwani ne wajen gane nufin mai magana da kuma tsinto abin da ke maimaita kansa, da guntu-guntu yake gini har ya tada gida. Ni zuciyata ta fi karkata ga wannan na ƙarshe, saboda abin da na gani da idona. Sai dai ba wanda ya yi nasara ne ya dame ni ba. Filin da aka yi kokawar ne ya dame ni.

A 2022 wasu masana biyu, Evan Kidd da Rowena Garcia, suka bi manyan mujallu huɗu na wannan fanni, suka ƙirga abin da aka buga cikin shekara 45. Harsuna 103 kacal suka samu an taɓa, cikin kusan 7,000 da ake magana da su a duniya, kuma Ingilishi shi ya kwashe kaso mafi tsoka, sai 'yan'uwansa na Turai. Wato galibin abin da ake kira yadda ɗan Adam ke koyon magana, labarin 'ya'yan Turawa masu hali ne da ke zaune kusa da jami'o'i. Kuma mun ga abin da ke faruwa idan aka faɗaɗa filin. An daɗe ana cewa akwai wata irin jimla, wadda ake gabatar da wanda aka yi wa aiki a jinkirta wanda ya yi aikin, da yaro ba ya iya ta sai ya tasa, har wasu suka ce ƙwaƙwalwa ce ba ta nuna ba kafin nan. Sai Katherine Demuth ta je ƙauyukan tsaunin Lesoto ta naɗi maganar yara masu Sesoto, ta tarar suna amfani da irin jimlar tun wajen shekara uku, domin a harshensu ana yawan yi musu tambaya da ita. Harshe ɗaya na Afirka ya girgiza abin da aka ɗauka dokar halitta ce.

To ina ga Hausa? Muna da karin sauti da ke raba kalma da kalma, muna da dogon wasali da gajere, muna da ɓ da ɗ da ƙ da ts, muna da jinsin namiji da tamata a kan kowane suna, wanda ke sa a ce rigar Audu amma wandon Audu. Malamai irin su Galadanci da Bagari da Mu'azu Sani da Paul Newman sun yi aikin ƙwarai a kan nahawun manya, Allah ya saka musu. Amma nahawun manya ginin da aka gama ne. Yadda aka ɗora tubalin farko, wanne sauti ke riga wanne, a wane wata yaro ke daina cewa "luwa" ya ce ruwa, yaushe "ba" ta biyu ke bayyana a "ban ci ba", wannan aiki ne da abin da aka yi a kansa bai taka kara ya karya ba idan aka auna da yawanmu.

Kuma ba nahawunmu kaɗai ke da abin koya wa duniya ba, har da tsakar gidanmu. A 1995 Betty Hart da Todd Risley suka fitar da binciken iyalai 42 a birnin Kansas, suka ƙiyasta cewa ɗan masu hali kan riga ɗan talaka jin kalmomi kusan miliyan 30 kafin shekarun shiga makaranta. Wannan adadi ya zaga duniya, ya zama wa'azi: uwa ta zauna ta fuskanci jariri ta yi ta yi masa magana. Shawarar ba ta da laifi. Amma idan da wannan ma'auni za a auna mu, to an yanke mana hukunci kafin a shigo zaure. Uwar ɗan fari a gidajen gargajiya ko sunansa ba ta kira, wata ko wasa ba ta yi masa a gaban mutane saboda kunya. Sai a ce ɗanta ya tashi cikin yunwar magana?

A shiga a gani. Yaron yana goye a bayan uwa ko yayarsa, kunnensa na cikin kowace hira. Yana jin ciniki da mai tallar nono, yana jin doguwar gaisuwar safe, yana jin habaici tsakanin matan gida. 'Yar rainonsa, wadda ba ta wuce shekara bakwai ba, ba ta gajiya da shi, tana riƙe masa hannu tana cewa "tata, tata". Kakarsa tana kiransa mijinta, tana tsokanarsa cewa bai kawo cefane ba, tana jiran amsa. Da ya fara haɗa kalma biyu ake sa masa magana a baki: "Ce na gode." "Ce ina kwana." "Je ka ce wa Goggo in ji Umma a ba da gishiri." Wannan aiken kaɗai darasi ne mai nauyi, yaro ya ɗauki maganar wani ya juya ta ya isar. Da dare kuma "ga ta nan, ga ta nanku", inda "sai suka tafi, sai suka tarar" ke zuba kamar ruwan sama. Elinor Ochs a Samowa da Bambi Schieffelin a wurin mutanen Kaluli na Papuwa Niyu Gini sun ga makamancin haka: iyayen da ba sa zama hira da jariri, amma suna juya shi ya fuskanci jama'a su ce masa faɗi kaza. A wurin mutanen Tsimane na Bolibiya an ƙiyasta cewa maganar da manya ke yi wa ƙaramin yaro kai tsaye ba ta kai minti ɗaya a awa ba. Yaran duk waɗannan wurare suna tashi da harshensu cif. Hanyar isa magana ba ɗaya ba ce, kuma tamu ta cancanci a rubuta ta kafin ta sauya.

Tana kuwa sauyawa a gabanmu. Na ziyarci wani abokina a birni, mutumin kirki mai son 'ya'yansa. Shi da matarsa sun yanke shawarar kada a yi wa yaran Hausa, wai don kada ta toshe musu Turanci. Na zauna na saurara. Turancin da ake yi wa yaran na umarni ne zalla: zo, zauna, bari, ci abinci, je ka kwanta. Da hira ta yi daɗi, da za a yi raha ko a ba da labari ko a yi gardama, sai iyayen su koma Hausa a tsakaninsu, yaran na gefe da waya a hannu. Mahaifiyarsa ta zo daga ƙauye, ta jawo jikan tana cewa "zo nan maigida, me ka ajiye min?" Yaron ya tsaya yana kallonta, ya juya wurin uwarsa a fassara masa. Na ga fuskar tsohuwar nan, har yau ban manta ba. Abin da aka ba yaran nan ba Turanci ba ne a madadin Hausa. Ɗan guntun harshe ne a madadin cikakke.

Ba na gaba da Turanci. Da shi na yi karatu, kuma ina son 'ya'yana su iya shi fiye da ni. Abin da nake ƙi shi ne tunanin cewa kan yaro kamar ƙwarya ce, in an zuba wannan sai wancan ya zube. Yaran Yola da ke tashi da Fulatanci da Hausa, na Maiduguri da ke juya Barbarci da Hausa wasu har da Larabcin Shuwa, na zangon Kumasi da ke haɗa Hausa da harshen Ashanti, sun isa shaida. Idan yaro ya cakuɗa harsuna biyu a jimla ɗaya ba ruɗewa ya yi ba, abin da ya ji manya na yi ne, kuma yana sane da wanda zai yi wa wanne. Kowa ya yi wa ɗansa harshen da yake iya raha da lallashi da ba da labari a cikinsa.

Ita kuwa wayar da aka miƙa wa yaro a matsayin malamar Turanci, an riga an gwada irinta. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington suka kawo jarirai 'yan wata tara daga gidajen da ake Ingilishi, suka haɗa su da masu Sinanci a zama 12, ana yi musu wasa ana karanta musu littafi. Jariran suka koyi rarrabe sautukan Sinanci. Wani rukunin aka nuna musu mutanen nan dai a talabijin, maganar iri ɗaya, tsawon lokaci ɗaya. Ba su koyi komai ba. Jariri daga mutum yake ɗaukar harshe, mai kallonsa, mai jiran ya yi motsi ya amsa masa.

Kuma abin na farawa da wuri fiye da yadda muke zato. Janet Werker da Richard Tees a Kanada sun nuna a 1984 cewa jariri ɗan wata shida zuwa takwas yana jin bambancin sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, har da wasu na wani harshen 'yan asalin ƙasar masu fita da matsin maƙogwaro irin na ƙ ɗinmu. Kafin ya cika shekara, kunnensa ya tattara ya koma kan sautukan gidansu. Shi ya sa baƙon da ya koyi Hausa da girma zai shekara ashirin a Kano yana ce wa ƙasa kasa. Watannin da muke ganin jariri bai san komai ba, a cikinsu yake zaɓen harshensa.

Nan ne maganar ta daina zama ta sha'awa ta koma ta lafiya. A unguwarmu akwai yaron da ya kai shekara uku bai ce uffan ba. Kowa da bayaninsa. Wasu suka ce maza dama suna da nauyin baki, wasu suka ce kakansa ma haka ya yi, wasu suka kawo rubutun sha. Sai da ya kusa biyar aka gano ba ya ji, tun wani zazzaɓi mai zafi da ya yi yana goye. A ƙasar da sanƙarau da ƙyanda ke zagayowa, wannan ba baƙon labari ba ne. Shekarun da ya rasa su ne mafi tsada a rayuwar harshensa. Da an gane da wuri, ko kunnen bai gyaru ba, da an haɗa shi da masu maganar hannu, wadda cikakken harshe ce mai nahawunta, kuma kuramen Kano sun daɗe da tasu, har Constanze Schmaling ta yi nazarinta ta wallafa a 2000. A Nikaraguwa ma, da aka tara yara kurame a makaranta a Managuwa daga ƙarshen shekarun 1970, malamai na ƙoƙarin koya musu karatun leɓe, yaran suka ƙirƙiro harshen hannu a filin wasa da cikin motar makaranta, ƙannensu da suka biyo baya suka ƙara masa ƙa'idoji. Yaro na zuwa duniya da yunwar harshe, abokin yi kawai yake nema.

Amma da me ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi za ta auna? A wasu ƙasashe akwai jerin kalmomi da ake ba iyaye su yi alama a kan waɗanda ɗansu ke faɗa, a gwada da na tsaransa dubbai, a san ko yana kan hanya. In aka ɗauko na Ingilishi aka fassara, za a tambayi uwa abubuwan da ɗanta bai taɓa gani ba, a tsallake koko da tuwo da buta da goyo da akuya. Ma'auni sai an gina shi daga bakin yaranmu, na birni da na ƙauye, na Sakkwato da na Damagaram, domin karin harshensu ma ba ɗaya ba ne.

Haka batun makaranta. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba, a darussa da dama ma sun fi su. Manufar ilimi ta Najeriya ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi firamare gaba ɗaya da shi. A Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci, da hujjar faɗuwar jarrabawa. Na bi muhawarar nan gwargwadon iko. An yi maganar kishin harshe, an yi maganar kasuwar aiki, amma ban ji an tsaya a kan shi yaron ba: ɗan shekara shida da ya shigo aji ɗaya, me ya riga ya mallaka? Ya zo da dubban kalmomi, ya zo da "sun" da "suka", ya iya kacici-kacici, wata ma ta iya zaurance, wanda ba ya yiwuwa sai ga mai iya yanka kalma gaɓa-gaɓa, kuma wannan ita ce ƙwarewar da koyon karatu ke nema. Sai mu tare shi a bakin ƙofa mu ce ya ajiye duk wannan a waje. Na san makarantar kuɗi da ake cin tarar yaro idan ya yi Hausa a harabarta. Abin da yaro ke koya daga tarar shi ne yin shiru.

Za a ce min ga yunwa, ga rashin tsaro, ga miliyoyin yara ba sa zuwa makaranta, wa ke da sukunin zama yana rubuta gwarancin jarirai? Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta. Amsata ita ce aikin nan yana cikin mafi arha a duk kimiyya. Da littafin rubutu na iyaye aka fara shi. Charles Darwin ya rubuta abin da ya lura da shi a kan ɗansa ya wallafa a 1877. Clara da William Stern a Jamus sun shekara da shekaru suna rubuta maganar 'ya'yansu uku. Werner Leopold ya bi 'yarsa da ke tashi da Jamusanci da Ingilishi har ya cika mujalladi huɗu. Rikodar da Brown ya yi ta jigila da ita, yau wadda ta fi ta tana aljihun kowa. Tun 1984 kuma akwai rumbun CHILDES da Brian MacWhinney da Catherine Snow suka kafa, inda masu bincike ke zuba maganar yara da aka naɗa domin kowa ya amfana.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Sassan Hausa da na kimiyyar harshe a Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo, da takwarorinsu na Yamai da Damagaram, su haɗa kai su bi yara ko ashirin ne, daga wata shida zuwa shekara biyar, awa ɗaya a kowane mako biyu, a rubuta da alamar karin sauti da tsawon wasali, a ajiye inda wani zai iya ɗorawa a kai, kada ya ƙare a kan kantar laburare. Mata ne za su fi iya aikin, domin su ke shiga cikin gida, su ne kuma za a saki jiki a gabansu. A nemi yardar iyaye da gaske, a ɓoye sunayen yara, a san cewa muryar gidan mutane amana ce. A sa malaman firamare da ungozomomi da ma'aikatan jinya a ciki tun daga farko, tunda su za su yi amfani da abin da aka samo.

Ni dai tun daren hawan Daushen nan na sayi ƙaramin littafi na ajiye a kan firiji. Shafin farko "dokoki" ne, da kwanan wata. A ƙasansa akwai "karori" da ta ce wa karnukan maƙwabta, da ranar da ta ce "ban so" ta tsaya, da ranar da ta fara rufewa da "ba". Akwai wata safiya da ta gyara wa kanta magana a tsakiyar jimla, ta ce "Baba ta", ta yi shiru, ta ce "ya tafi". Yanzu tana aji biyu, dawaki take cewa kamar kowa. Ƙaninta ne ke kan layi, watansa goma sha tara, na buɗe masa nasa shafin daga bayan littafin. Jiya da magariba ya miƙo min kofi ya ce "Baba, luwa", na ba shi ya sha, sannan na tashi na rubuta.